Ƙanjamau da Zaman Aure: Bayani ga Hakimai da Magatakardansu

A shekarar 1986 aka fara ba da labarin ƙanjamau a Nijeriya. A zamanin nan wanda duk ya kamu sai jiran ajali, gama babu magani. Yanzu al'amarin ya sake, kuma lalle ne hakimai su san yadda ya sake, domin sau da yawa gabansu ake fara kawo rikicin aure tun bai kai wurin alƙali ba.

Ƙwayar cutar tana bin jini, da saduwar namiji da mace, tana kuma wucewa daga uwa zuwa ɗa. Ba ta bin musafaha, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko cizon sauro. Maganin da a ke bayarwa kyauta a asibitocin Gwamnati ba ya kashe ta ƙurmus, amma yana danne ta har a auna jini a kasa ganinta.

Likitoci sun daɗe suna tambaya, shin wanda magani ya danne masa ƙwayar yana iya ba matarsa? Sai aka shirya bincike a ƙasashe 9, har da Kenya da Malawi da Indiya. Aka tara mutane biyu-biyu har 1,763, yawancinsu ma'aurata, ɗaya na da ƙwayar, ɗaya ba shi da ita. Aka kasa su kashi biyu. Kashi na farko aka fara ba masu ƙwayar magani nan da nan, na biyu kuwa aka dakata sai jikinsu ya soma rauni, kamar yadda a ke yi a lokacin. Da aka bayyana sakamako a 2011, sai aka ga mutum 28 sun ɗauki ƙwayar daga abokan zamansu. Daga ciki 27 'yan kashi na biyu ne, ɗaya tak ke cikin na farko. Saboda wannan da makamantansa, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba kowa magani da zarar an gane yana da ƙwayar.

Watau ke nan, idan an sami ƙwayar a jikin miji ko mata, wannan kaɗai bai isa dalilin raba aure ba. Mai ciki ma, in ta riƙe magani, da wuya ta ba jaririnta.

Sai dai akwai sharaɗi. Tilas a sha maganin kullum ba fashi, kuma yakan ɗauki kamar wata shida kafin ƙwayar ta kwanta, likita ne kuwa zai tabbatar ta wurin awon jini. In an bari, ta sake tashi. To, abin da ya fi hana mutane riƙe magani kunya ce. Wani ya ƙi asibitin garinsu don kada a gan shi, ya riƙa tafiya wani gari mai nisa, ran da kuɗin mota ya yanke, magani ya yanke. Wata a gaya mata wurin awon ciki, ta ɓoye wa mijinta don tsoron saki, ta riƙa shan magani a sace, yau ta sha gobe ba dama. Likita ba shi da allurar wannan, amma maganar hakimi tana da tasiri. In ya tara dagatai da limamai ya karanta musu wannan bayani, ya hana a kori kowa daga gida ko kasuwa, mutane za su je gwaji da ƙafarsu. Kada ya manta da wanzamai: sabuwar reza ga kowane mutum, kayan kaciya da na ƙaho kuwa a dafa su.

Magatakarda kuma ya kama bakinsa. A 2014 aka kafa dokar ƙasa mai hana tsangwamar masu wannan ƙwaya, ta kuma hana tona asirinsu ba da yardarsu ba. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, saboda haka irin waɗannan takardu suna iya ratsa ofishin hakimi. Kada a karanta su a zaure gaban fadawa, kada a aiki yaro da su a buɗe. A rufe, a miƙa wa mai ita hannu da hannu.