Awon Radiyeshon: Kada a Rubuta Lamba Babu Ma'auninta

'Yan'uwa ma'aikatan ɗakin hoto da na sashen gashin cutar daji, da ƙannenmu ɗalibai, akwai abin da nake yawan tararwa a littafin awo idan aikin sa ido kan kariyar ma'aikata ya kai ni asibiti. Sai in ga an rubuta 2 an sa hannu, babu ma'auni a gefenta. Kamar a ce maka an sayo gero biyu ne, ba a faɗi mudu ko buhu ba.

Tushen matsalar shi ne ma'aunai kashi biyu ke yawo a hannunmu. Akwai na da, wato ronjin da rad da rem da kuri, waɗanda Amurka ke aiki da su har yau. Akwai kuma na ƙasa da ƙasa: gire da bekerel da aka amince da su a 1975, sai sibat a 1979. Da waɗannan hukumar IAEA da hukumar NNRA ta Najeriya ke rubuta ƙa'idojinsu. Amma wasu mitocinmu tsofaffi ne ko 'yan gwanjo, suna karanto da tsohon tsari.

Ga abin da ya kamata kowa ya haddace. Gire 1 rad 100 ne, su ke auna ƙarfin tururin radiyeshon da jiki ya sha. Sibat 1 rem 100 ne, su ke auna illar da hakan zai iya yi wa jiki. Ke nan milisibat 1 milirem 100 ne. Milikuri 1 megabekerel 37 ne, su kuma ƙarfin sinadarin kansa suke aunawa. Ga hasken eksire da gama, milironjin 1 yana kusan daidai da maikurosibat 10.

A wani asibiti na tarar da mita mai allura, a ƙarƙashin allurar an rubuta mR/h, wato milironjin a awa, da ƙananan haruffa, fentin har ya fara gogewa. An auna ƙofar ɗakin ajiyar sinadari, allura ta tsaya a 2, aka zuba 2 ɗin a layin da kansa ke cewa µSv/h, wato maikurosibat a awa. Alhali awon kusan 20 ne. Mu lissafa: mai zama a wurin awa 2,000 a shekara, a takarda milisibat 4 zai sha, a zahiri kuwa 40. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, idan aka ɗauki matsakaicin shekara 5. Takarda ta ce lafiya lau, mutum kuwa zai ninka iyakarsa. Haka kuma maɓallin gefen mita mai ×1 da ×10 da ×100, wanda bai duba inda yake ba ya tafka irin wannan kuskuren ko mafi muni.

Ruɗanin yana kuma jawo fargaba ba gaira ba dalili. Wata ma'aikaciya ta zo mini hankali a tashe, sakamakon bajonta na auna tururi ya nuna 50. Da muka duba, milirem ne, wato rabin milisibat. Tururin da kowane ɗan Adam ke sha daga ƙasa da sararin samaniya da iska da abinci, matsakaicinsa a duniya milisibat 2.4 ne a shekara, milirem 240 ke nan.

A wajen magani abin ya fi tsanani. Aidin mai tururi na masu ciwon maƙoƙo, idan likita ya rubuta milikuri 10, megabekerel 370 yake nufi. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin wancan, ko dai ya ba mara lafiya abin da ba zai amfane shi ba, ko ya ba shi ninki 37.

Sai a kiyaye, gire ba koyaushe yake daidai da sibat ba. A eksire da gama da beta ana ninkawa da 1, amma a alfa da 20 ake ninkawa. Shi ya sa ƙura da iskar radon, masu fitar da alfa, ke da haɗari ga masu haƙar yuraniyam, kamar na Arlit a Nijar. Bekerel kuwa ba ya komawa sibat da ninkawa kawai. Sai an san irin sinadarin, da nisa, da tsawon lokaci.

Don Allah, ku manna jadawalin juya ma'aunai a bangon ɗakin aiki. Ku karanta fuskar mita kafin ku karanta allura. Ku rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, kuma adadin magani kada ya wuce sai mutum na biyu ya sake lissafa shi. Wanda bai gane ba ya tambayi jami'in kariyar asibitinsa kafin ya sa hannu, domin lafiyarsa da ta mara lafiya sun rataya a kan wannan rubutun.