Sayen Motar Hannu Ga Uwargida Mai Sabon Lasisi

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ɗan kasuwar Abuja da ke son ƙara mota ta biyu domin uwargidansa, wadda ta karɓi lasisin tuƙi, wajibi ne ya fara lissafi daga shan mai. Ƙaramar mota mai silinda huɗu da giya mai sauya kanta, irin Toyota Corolla, ita ce daidai da sabon hannu a cunkoson hanyar Nyanya, ga kuma kayan gyaranta birjik a Apo.

Amma babbar asara tana wajen takardu. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da aka yi fasa-ƙwaurinta, jami'an kwastan na iya ƙwace ta ko da ta sauya hannu sau uku. Don haka a tabbatar da takardar biyan haraji a ofishinsu, a kuma gwada lambar jikin motar da ta takarda.

Makanikin mai saye ne zai duba ta, ba na dillali ba. Tsatsa a ƙarƙashin kujeru da warin danshi alamu ne cewa ambaliya ta taɓa cinye motar.