Yadda za ka karanta hoton eksire na tarin taurari

Duk wanda ya taɓa yin hoton ƙirji a asibiti ya san eksire. Irin wannan hasken ne tarin taurari masu naɗi kamar faifai, irin su Andiromeda da M81, suke fitarwa, sai dai iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi. Shi ya sa a 1999 Amurka ta harba na'urar Chandra sararin samaniya, Turai kuma ta harba XMM-Newton. Hotunan Chandra suna nan a intanet kyauta, amma sai da lura ake gane su.

Da farko, kada ka kalli hoton eksire shi kaɗai. Nemo hoton tarin na hasken da ido ke gani, ka jera su. A na eksire za ka ga naɗaɗɗun hannayen tarin sun dusashe, sai ɗige-ɗige masu ƙyalli. Yawancinsu taurari ne biyu da ke zagaya juna, ɗaya ya mutu ya dunƙule, yana zuƙar iskar ɗan'uwansa har ta yi zafin miliyoyin digiri.

Launukan kuma masana ne suka sa, domin ido ba ya ganin eksire. Galibi ja na nufin eksire mai rauni, shuɗi mai ƙarfi, amma ka karanta bayanin da ke ƙasan hoton.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne cibiyar tarin. Mutane da yawa da sun ga haske a tsakiya sai su ce ai ga babban baƙin rami nan, wato wurin da ƙarfin jansa ke hana ko haske fita. Ba kullum ba ne. Na Andiromeda ya fi nauyin rana sau miliyan 100, amma eksirensa ɗan kaɗan ne, domin iskar da ke faɗa masa ba ta da yawa. Hasken wurin yawanci na taurarin nan bibbiyu ne da iska mai zafi. Na M81 kuwa yana samun abin haɗiya, shi ya sa cibiyarsa ta fi komai haske a hotonsa.

Sannan ka fita ka ga Andiromeda da idonka. Hasken da za ka gani ya yi shekara miliyan 2.5 yana tafe. Bayan sallar isha'i a Oktoba ko farkon Nuwamba, a daren da babu wata, ka nisanci fitilun gari, ka nemi taurari biyar masu siffar W ta wajen arewa. Andiromeda yana kusa da su, ɗan fari-fari. Ka hanzarta kafin hazo ya sauka.