Maganin Saɓule Fata: Amfaninsa da Haɗarinsa

Akwai wata hanya da likitocin fata ke bi don magance kurajen fuska da baƙin tabon da sukan bari. Akan shafa wa wurin wani ruwan magani mai cin fata, watau asid, a bar shi 'yan mintoci, sa'an nan a wanke. Cikin 'yan kwanaki fatar sama takan saɓule, sabuwa ta fito. Tun 1882 wani likitan Jamus, Paul Unna, ya bayyana aikin irin waɗannan magunguna. Akwai mai sauƙi, kamar asid na gilaikolik wanda ake samu a rake. Akwai kuma fenol, mai nutsewa ƙwarai, wanda har zuciya yakan taɓa.

Baƙar fata dai sai da hattara. In maganin ya yi ƙarfi, maimakon tabon ya gushe sai ya ƙara duhu, wani lokaci ma ya kumbura ya zauna ke nan. Saboda haka aikin likita ne, ba na mai shagon kwalliya ba, ba kuwa hanyar neman farin jiki ba ce. A 2023 Hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'ar ƙasa.

Mazauna Jos su lura da wani abu. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyinsa kuwa yakan ruɗi mutum, alhali hasken rana ya fi kaifi a can. Sabuwar fata ba ta jure masa, balle ga bushewar hunturu. Lalle ne a sa malafa, a shafa man kare rana har makonni. Mai wannan larura ya nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.