An ce Inna ta zo da azumi, ko ruwa ba ta sha ba

Anti,

Daga Gwange nake rubuto miki, nan cikin Maiduguri, a kan mahaifiyata. Inna tana da shekara 63, kuma shekara huɗu ke nan tana shan maganin hawan jini. Watan jiya likita ya rubuta mata gwajin jini, ya ce na duba lafiya ne kawai: suga, ƙoda, kitsen jini da yawan jini. Wadda ta miƙo mana takardar ta ce, "Ku zo da safe da azumi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, mu ma ba mu tambaya ba.

Kin san tsofaffinmu da azumi. Tun ƙarfe takwas na dare Inna ta kame bakinta, ko kurɓin ruwa ba ta yi ba. Maganin hawan jinin ma ta ƙi sha, wai zai karya. Muka makara wajen samun keke, muka tarar da layi, ba a kira mu ba sai wajen ƙarfe ɗaya, ga zafin Afrilu. Sau huɗu ana soka mata allura kafin a sami jijiya a bayan hannu. Tana miƙewa jiri ya kwashe ta, ba don wata baiwar Allah ta tare ta ba da ta kai ƙasa. Da sakamako ya fito likita ya ce lambar ƙoda ta ɗan hau, amma ba zai ce komai ba sai an maimaita.

Yanzu Inna ta kafe, ta ce ba inda za ta. Wai kwalabe uku aka cika da jinin da ta daɗe tana tarawa da zogale da hanta. Ƙanwarta kuma ta ce a bari sai Litinin ko Alhamis da take azumin nafila, ga lada ga gwaji. Ni kuwa kalmar ƙodar nan ce ta hana ni barci, don kin san yadda ciwon ya yi yawa a wajenmu. Tsofaffin takardunta duk ambaliya ta tafi da su. Anti, yaya zan yi?

Taki,
Wata 'ya daga Gwange

'Yata, Allah ya ba Inna lafiya, ya yi miki albarka.

Ni dai ban ga laifin Inna ba. An ce mata azumi, ta yi irin wanda ta sani tun tana yarinya. Mu ma'aikatan lafiya ne muka ari kalmar muka ɗora wa wani abu daban, kuma duk wanda ya ce wa tsohuwa "ki zo da azumi" ya yi shiru, rabin magana ya faɗa. Ragowar rabin ita ce: kada ki ci komai, amma ki sha ruwa. Ruwa zalla ba ya ɓata gwajin, gyara shi ma yake yi.

Abin da ake gudu shi ne abinci. Tuwo ko shayi idan ya shiga ciki, suga da kitse suna hauhawa a jini na wasu awoyi, likita kuwa so yake ya ga inda suke tsayawa bayan jiki ya gama da abincin. Shi ya sa ake son awa 8 zuwa 12 ba ci. Inna ta yi awa 17, ba ruwa, a watan da zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Jikin da ya bushe haka jijiyoyinsa lafewa suke yi, ga dalilin suka huɗu. Jini kuma yakan yi kauri, sinadarin yuriya da ƙoda ke tacewa ya taru, sai lamba ta hau ko da ƙodar lafiya lau take. Likitan da ya ce a maimaita ya yi daidai.

Kada dai ki ɗauki wannan a matsayin na wanke ƙodar Inna. Hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke cin ƙoda, kuma ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum zai yi shekaru tana lalacewa yana harkokinsa. Mutanen Borno da Yobe ba sa bukatar a ba su labarin wannan ciwo, wanda ya taɓa leƙa sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya ga abin da ya gani. Amma lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Ba a kiran ciwon ƙoda mai daɗewa sai matsalar ta zauna wata uku ana ganinta. Ki roƙi likita ya haɗa da gwajin fitsari, domin zubar furotin a fitsari yakan riga sauran alamu bayyana. Sannan ki tattara duk abin da Inna ke sha a leda ɗaya ki kai masa, har da jiƙe-jiƙen gargajiya da maganin ciwon gwiwa na kemis. Irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka mayar da su abin kullum, suna taɓa ƙoda. Kunyar faɗa wa likita an sha sassaƙe ta cuci mutane da yawa.

Shawarar ƙanwar Inna kuwa, a yi mata godiya a ajiye ta. Mu lissafa. Idan Inna ta yi sahur ƙarfe huɗu da rabi, aka ɗebi jini ƙarfe takwas, awa uku da rabi ke nan, abinci na nan a jini. Idan aka jira awa takwas ta cika, rana ta take, ba ruwa a jiki, an koma gidan jiya. Ku zaɓi Talata ko Laraba.

Ga yadda za ku yi. Ana gobe, ki je ki biya kuɗi ki karɓi rasit, ki tambayi ƙarfe nawa ake fara ɗiban jini, don kada safiyarku ta ƙare a layin biya. Da dare ta ci abincinta na kullum, ta gama kafin ƙarfe goma. A bar tsire da balangu da kilishi a wannan daren, saboda nama mai yawa yakan ɗaga kiriyatinin, ɗaya lambar da ake auna ƙoda da ita. Kada kuma ta shiga shan shuwaka ko ta yanke tuwo kwana uku wai don sakamako ya yi kyau. Masu yin haka suna da yawa, sai takarda ta fito fes, ciwo kuma yana nan inda yake.

Da asuba ta yi alwala, ta yi asuwaki, ta sha ruwa kofi biyu, ki riƙe gora ɗaya a jaka tana kurɓa a hanya. Ban da shayi ko da ba suga, ban da kunu, dabino, zuma da alawa. Ban da goro, na san nan ne za a yi daga. Maganin hawan jini akan sha shi da ruwa kamar kullum, sai fa in likita ya ce a dakata. Na masu ciwon suga ne ke da haɗari a kan cikin da ba komai, ko ƙwaya ko allurar insulin. Su lallai su tambayi likitansu tun ranar da aka rubuta gwajin, galibi sai an ɗebi jini an ci abinci ake sha.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: ba kowane gwaji ke son yunwa ba. A cikin huɗun da aka rubuta wa Inna, suga da kitse ne suka jawo azumin. Na yawan jini, na rukunin jini, na sikila, na maleriya, duk ana yinsu da ciki cike. In na ƙoda kaɗai za a maimaita, ki tambaya, mai yiwuwa ta karya kumallonta ta tafi. In kuma da suga, ki lura da ma'aunin da aka rubuta, domin iri biyu ne: 7.0 a ɗaya shi ne 126 a ɗayan, kuma daga nan ake fara zargin ciwon suga. Na sha ganin wanda ya ga 95 ya tashi hankalin gida, alhali lafiyarsa ƙalau.

A ɗakin gwaji ta saka riga mai sakakken hannu a ƙarƙashin lafayarta. Ki gaya wa mai ɗiban jinin, tun kafin ya ɗaura igiya, cewa wancan karon ta yi jiri, a ɗiba tana kwance in da gado. Bayan an zare allura ta danne audugar minti uku, hannu a miƙe, kada ta naɗe shi ko ta murza, shi ke sa wurin ya yi baƙi. Ta zauna, ki buɗe fulas ɗin kunun gyaɗa da ƙosai, sai ta ci sannan ku nemi keke. Sakamako na fitowa ki ɗauki hotonsa a waya ki tura wa wani ɗan'uwa. Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 ta koya wa Gwange cewa takarda a ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce, kuma likita yana karanta sabuwar lamba ne da tsohuwa a gefenta.

Saura kwalaben Inna. Kowace ba ta wuce mililita biyar, cikin ƙaramin cokalin shayi. Ukun gaba ɗaya babban cokali guda ne, daga cikin lita huɗu zuwa biyar da ke jikin babba. Mai ba da gudummawar jini ana ɗibar masa kusan mililita 450 a zama ɗaya, ya sha lemo ya tafi gida da ƙafarsa. Kada ki tsaya musu da ita. Ki ɗauko cokali, ki cika shi da zoɓo, ki zuba a faranti a gabanta, ki ce Inna ga abin da aka ɗiba. Sannan ki gaya mata wannan karon da gorar ruwanta a hannu za ta tafi. Ki gaishe ta, ki kuma rubuto mini abin da likita ya ce.