In Ƙofar Waje Ta Cije

Kakanninmu ba su san wahalar kuba ba. Tufaniya ce ko asabari a bakin ɗaki, mai hali kuma ya sa ƙyauren itace da sakata. Yau kuwa daga Azarori zuwa Madawa, daga Buza zuwa Keita, duk wanda ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannunsa, kafin ya sayi rago sai ya je wurin mai walda a yi masa ƙofar ƙarfe. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai ƙofar ta zo da nata ciwon. Wata rana maigida zai dawo daga gona, ya zura makulli, ya murɗa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba.

A nan ne yawancinmu muke yin ɓarna. Wani ya sa kafaɗa, wani ya ɗauko dutse ya hau dukan mariƙi, wani kuma ya aika cikin gida a kawo man gyaɗa ya ɗura a ramin makulli. Duk ukun asarar kuɗi ce. Abin da wannan takarda take so mai karatu ya riƙe shi ne, sau da yawa kuba ba ta da laifi ko kaɗan. Ƙyauren ne ya sauka, ko itace ya kumbura, ko bangon da ke riƙe da su duka ya motsa. Wanda bai bincika ba zai sayi sabuwar kuba, bayan kwana kaɗan ita ma ta cije kamar ta farko.

To, yaya ake ganewa? Da zarar ka samu ƙofar ta buɗe, kada ka rufe ta. Bar ta a buɗe, ka danna mariƙi, ka murɗa makulli gaba da baya. Kuba irin wadda ake nutsawa cikin ƙyaure harshe biyu gare ta. Akwai ƙarami mai baki a karkace, wanda mariƙi ke ja ciki, sifirin kuma ya turo shi waje. Akwai babba mai kusurwa huɗu, wanda makulli kaɗai ke motsa shi. In duka biyun suna shiga suna fita lami lafiya alhali ƙofa na buɗe, to ka wanke kuba daga zargi. Cutar tana tsakanin harshen da ramin da yake faɗawa a jikin firam. Milimita 2 ko 3 kacal in suka saɓa, harshe ba zai shiga ba, in kuma ya shiga da ƙarfi ba zai fito ba.

Sai ka karɓi guntun alli wurin ɗan makaranta, ko gawayi daga murhu, ka shafe bakin harshen sosai. Tura ƙofar a hankali har ta taɓa, sannan ka buɗe ka duba firam. Allin zai bar shaida daidai inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. In shaidar tana ƙasa da ramin, ƙyaure ya sauka, kuma wannan shi ya fi yawa. Don ka tabbatar, kama ƙyauren ta gefen mariƙi ka ɗaga shi sama. Za ka ji yana ɗan wasa, ƙwas-ƙwas, a wurin hinji.

Me ke saukar da ƙyaure? Nauyinsa, da shekaru, da yara masu lilo a kansa in manya ba sa nan. A ƙofar katako sukurorin hinjin sama ne ke sakin jiki. In ka ɗaure su suka yi ta juyawa ba su kama ba, ramin ya yi faɗi. Cire sukurun, ka cusa tsinkayen ashana ko ƴan siraran itace da ɗan gam, ka karye abin da ya yi saura, ka mayar da sukuru wanda ya fi na da tsawo. A ƙofar ƙarfe kuwa hinji a like yake da walda, ba abin da za ka ɗaure. Yawanci gugar yau da gobe ce ta cinye ƙarfen. Mutum biyu su ɗaga ƙyauren ya fita daga hinjinsa, a zura ɗan zoben ƙarfe a kan tsinken kowane hinji, irin wanda masu gyaran babur ke sawa a ƙarƙashin noti, a mayar. Sau da yawa shi ke nan, ƙyaure ya koma mazauninsa. In saɓanin kaɗan ne ƙwarai, ɗauki magagari ka ɗan faɗaɗa ramin ta wajen da allin ya nuna. Ramin ake gogewa, ba harshen ba. Wanda ya rage harshen kubarsa ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki.

Kafin duk wannan ma, a sunkuya a dubi dokin ƙofa. Iska takan tara yashi da ƙananan tsakuwa a ƙarƙashin ƙyaure, su tokare shi ya kasa isa inda harshe zai faɗa. Akwai ƙofofin da tsintsiya kawai suke bukata.

Lokacin shekara ma yana da hannu a ciki. Katako yana shan danshin damina ya kumbura, musamman ta faɗinsa, sai ka ga ƙofar da ke rufuwa da ɗan yatsa a watan Maris ta ƙi rufuwa a Agusta. Kuskuren da ake yi shi ne a kira kafinta a tsakiyar damina ya fere gefen da yawa. In hunturu ya zo katakon ya bushe ya koma, sai a sami kafar da kunama za ta wuce ba ta sunkuya ba. A rage kaɗan, daidai inda yake guga, sannan a shafa fenti a wurin, har da saman ƙyauren da ƙasansa waɗanda masu fenti ke tsallakewa don ido ba ya kai wa can. Ta nan ruwa ke shiga.

Ƙarfe ba ya shan ruwa, amma yana jin rana. Ƙarfe mai tsawon mita 2, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, ƙarin tsawon da zai yi bai kai milimita ɗaya ba. Wannan ba kome ba ne ga ƙofar da aka bar wa sarari. Amma wasu masu walda sukan matse ƙyaure cikin firam don a ce aikinsu ya yi tsaf, ga shi kuma fuskar da rana ke duka ta fi ta ciki zafi, sai ƙyauren ya ɗan lanƙwashe. Shi ya sa ƙofar da ke kallon yamma takan cije da la'asar a bazara, bayan isha kuma ta buɗe da kanta, har wasu su fara zargin iskoki. Babu aljani a ciki. Mai sabuwar ƙofa ya ce wa mai walda ya bar tazarar milimita 3 ko 4 a kowane gefe, ya shafa fenti mai haske maimakon baƙi, in da hali ya kafa ƴar rumfa a kai.

Yanzu ga wurin da nake so a saurara da kyau. Gidajenmu mafi yawa na laka ne, firam ɗin ƙarfe kuma a cikin lakar aka dasa shi. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, ya yi ta dukan bango ɗaya shekara da shekaru. Ga indararo da ke zubar da ruwan soro daidai gindin bango, ga gara da ke cin azarar da aka gitta a saman ƙofa. In gindin ya jiƙa ya zauna, ko azarar ta fara lotsawa, firam yakan karkace, kuma ƙofa ce ke fara faɗa maka tun idonka bai ga kome ba. Saboda haka ƙofar da ba ta taɓa ba ka wahala ba, in ta cije farat ɗaya bayan ruwa mai yawa, kada ka nemi magagari. Ɗaga kai ka dubi kusurwoyin sama. In ka ga tsaga ta tashi daga kusurwa ta nufi sama a karkace, ko ƙasa tana zubowa daga saman firam, a fitar da yara da tsofaffi daga ɗakin, a kira magini ran nan. Daminar 2024 ba ta yi nisa da za a manta da ita ba. Gidajen laka sun yi ta faɗuwa a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumba, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Wanda ya faɗaɗa rami ya koma ya kwanta a irin wannan hali, bakin mai gargaɗi ya toshe.

To, in gwajin farko ya nuna kubar ce da kanta fa, wato tana cijewa ko ƙofa na buɗe? Abokin gabarta ƙura. Shingayen dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da aikin raya karkara na Keita da ya soma a 1984, sun rage wa gonaki dukan iska, amma babu shingen da zai hana ƙurar hunturu shiga ramin makulli. Irin kubar da muke saye yau, mai siririn makulli da haƙora a gefe ɗaya, wani mutumin Amurka mai suna Linus Yale ƙarami ne ya kammala tsarinta a shekarun 1860. A cikinta akwai ƴan tsinkayen tagulla, galibi biyar, kowanne da ɗan sifirin siriri a bayansa. Haƙoran makulli ke ɗaga su zuwa daidai, sannan ciki ya juya. In ka ɗura man gyaɗa, ranar farko za ka yi murna. Daga nan man ya kama ƙura, ya yi kauri, ya daskare ya zama danƙo, tsinkayen su manne. Baƙin mai na inji ya fi muni, don da ma da dattinsa ya zo.

Maganin yana cikin jakar ɗan makaranta. Goga bakin fensir a haƙoran makulli har su yi baƙi, ka zura, ka zare, ka sake, sau da dama. Bakin fensir yana sa santsi, kuma busasshe ne, ƙura ba ta manne masa. In an riga an ɓata kubar da mai, sai an wanke. Kwaɗo a tsoma shi cikin kananzir ya kwana, a karkaɗe, a shanya ya bushe sarai kafin a sa fensir. Kubar ƙyaure kuma, a gefen ƙyauren ƙasa da harshe akwai dogon sukuru guda da ke riƙe da gidan makullin. Kwance shi, ka zura makulli ka ɗan karkata shi, gidan zai zaro. In wanki bai yi ba, shi kaɗai za ka canja, ba dukan kubar ba. Tafi da tsohon kasuwar Madawa ko ta Tunfafi a gwada tsawo, don ba duka ɗaya suke ba. Haka sandar nan mai kusurwa huɗu da ke haɗa mariƙin ciki da na waje: akwai mai kaurin milimita 7, akwai mai 8. In aka sa ƙarama a ramin babba, mariƙi zai yi ta lilo, harshe bai gama shiga ba. Sakata kuwa aikinta kaɗan ne: a goge tsatsa da samfefa, a shafa kyandir.

Shi ma makulli yana tsufa. Wanda ya lanƙwashe ko ya fara tsagewa a wuya, a yanka sabo tun bai karye a ciki ba, kuma daga na asali, don kwafin kwafi ba ya cika daidai.

Saura wanda ke tsaye a waje, ƙofa a rufe, rana na dukansa. Kada ka murɗa makulli da filaya. Riƙe mariƙi ka ja ƙofar wajenka kana murɗawa a hankali. In bai yi ba, tura ta. In bai yi ba, zura bakin fartanya a ƙarƙashin ƙyaure, wani ya ɗan taka ƙotar ya ɗaga, kai kuma ka murɗa. Abin da ake nema shi ne a sauke wa harshe nauyin da ya danne shi. In duk sun faskara, kira mai walda. Na ji wani maigida yana ce wa mai walda, "Malam, fasa kawai, na gaji." Shi kuwa ya ce, "Baba, yi haƙuri. Kuba jika kaɗan ce. In na ɓalle firam, sai ka nemo magini." Gaskiyarsa. In kuma gidan ba naka ba ne, na ɗan'uwa ne da ke Abijan ko Libiya, kada a taɓa ƙofar sai da izininsa, a gaban mai gari ko dattawan unguwa.

Masu tafiya ci-rani su ma da nasu. Ɗakin da aka kulle bayan girbi ba a sake taɓa shi ba sai faɗuwar ruwa, kubarsa ta sha hunturu guda cur ba ta motsa ba. A bar makulli ɗaya wurin amintacce, ya riƙa buɗewa yana rufewa ko da ran Juma'a ne kawai. Akwai kuma al'adar da ban ga amfaninta ba, ta maigida ya fita da dare ya datse iyali da kwaɗo ta waje. Gobara ko naƙuda ba sa jiran ya dawo. Ƙofar da mutane ke kwana a bayanta, dole ta buɗu daga ciki, cikin duhu, da hannun mace ko yaro.

Ƙofofin da suka fi shan wuya su ne na kowa da kowa: ajin makaranta, ɗakin shan magani, rumbun hatsin gari. Kowa na bugunsu da ƙafa, babu mai cewa nasa ne. Makarantu kan kasance a rufe tun daga ƙarshen Yuni, damina ta wuce a kansu. Kwamitin iyayen yara ya wakilta mutum ɗaya da sunansa, ya zaga cikin Satumba da alli da fensir da tsintsiya, ya buɗe kowane aji, ya dubi saman kowane firam, abin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa darakta kafin yara su dawo.