Ɗaura Sinki da Hannunka: Fara Sanin Inda Ruwan Zai Bi

Hutu ya ƙarato, kuma da yawanmu za mu koma gida mu tarar da iyayenmu mata da ƙannenmu a tsugune bakin rariya suna wanke-wanke, baya na ciwo, ruwa na malala a tsakar gida. Ɗan foli, mace ko namiji, zai iya ɗaura musu sinki a wuni guda ba tare da kiran mai gyaran famfo ba. Amma ga 'yan Kura, Bunkure da Garun Malam, akwai abin lura tun kafin a sayi komai.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwa ta kanal zuwa gonakin yankin, shinkafa da alkama da tumatir suka samu gida. Sai dai shekara da shekaru ana ban-ruwa sun sa a wurare da dama ruwan ƙasa ya matso sama. Ƙasar da ta ƙoshi ba ta shan ƙari da sauri. In ka saki ruwan sinki haka kawai, kwatami zai cika, sauro ya samu wurin haihuwa, dattin kuma ya iya tsiyaya zuwa rijiyar da ake sha. Saboda haka darasin nan daga waje zai fara.

Mataki na farko: ramin ruwa

Zaɓi wuri nesa da rijiya, aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama 30, kuma kada ya manne da gindin katanga. Haƙa rami kamar mita ɗaya a faɗi da zurfi, ka juye bokiti uku ko huɗu na ruwa, ka dawo bayan 'yan awoyi. In ya shanye, madalla, sai ka cika ramin da fasassun bulo da duwatsu, ka rufe da sulab. In kuwa ruwan na nan kwance, ko tun kana haƙa ka ga yana tsattsafowa, kada ka ƙara zurfi. Yi dogon rami marar zurfi, ka zuba tsakuwa, ka dasa ayaba a gefensa, don ita ba ta ƙoshi da ruwa. Kada ka kuskura ka karkata bututun zuwa kanal. Wani na ƙasa da kai da ruwan yake shayar da latas da albasa.

Mataki na biyu: kayan aiki

A kasuwar Ƙofar Ruwa cikin Kano za ka samu duka: sinki da matacinsa, kan famfo, tarko, bututun roba na inci ɗaya da rabi don fitar ruwa, na rabin inci don shigowarsa, gajeren tiyo mai noti baki biyu, ƙaramin makulli, farin tef na zare, gam ɗin bututu da silikon. Ka ari sufana, zarton ƙarfe, tef ɗin awo da ma'aunin lebur. Tun a shago ka sa a gwada maka tarkon da matacin, don kada sai ka isa Bunkure ka ga baki bai zo ɗaya ba.

Mataki na uku: mazauni

Tsayin da aka saba shi ne santimita 85 zuwa 90 daga daɓe, amma ka duba tsayin mai amfani da shi. Gina ƙafafu biyu na bulo, ko mai walda ya yi maka tebur na ƙarfe. Ɗora ma'aunin lebur ta kowane ɓangare, domin in mazauni ya karkace, ruwa zai riƙa kwanciya a kusurwa. Tun sinkin na ƙasa ka ɗaura kan famfo da mataci, robar wanki ɗaya a inda aka tanada, ka ɗaure noti. Ya fi sauƙi a kan ka kwanta a ƙarƙashi kana lalube. Sannan ka zagaye baki da silikon, ka ɗora, ka danne.

Mataki na huɗu: haɗa ruwa

Rufe ruwa daga tanki tukuna. Naɗa farin tef a zaren bututu kamar zagaye goma, ta inda hannun agogo ke juyawa, in ba haka ba zai warware kana ɗaurewa. Sa makullin, ka haɗa shi da famfo da tiyon nan. Makullin ne zai sa ranar gyara ba sai an yanke wa gida duka ruwa ba.

Tarko kuwa shi ne lanƙwasar da ke ƙarƙashin sinki. Kullum tana riƙe ɗan ruwa, ruwan ne ke tare wari da kyankyaso. Da hannu ake ɗaure notinsa, kuma ba a sa masa gam, don dole wata rana a kwance shi a wanke. Daga nan bututu ya gangara zuwa rami, yana sauka kamar santimita biyu a kowace mita. Yanke shi daidai, goge bakin, shafa gam, tura, ka riƙe rabin minti. Sauri ya haifi nawa.

Mataki na biyar: gwaji

Bar silikon ya kwana. Washegari toshe sinkin, cika shi, shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, ka saki ruwan lokaci guda. Ɗigo ɗaya ma takardar za ta tona shi. Ka fita waje ka ga yadda ramin ya karɓa.

Sai ka zaunar da mutan gida ka yi musu bayani. Tsakuwar shinkafa da yashi a zubar a waje. Manja da kitse kuwa a kwashe su daga tukunya kafin wanki, don da hunturu ya shigo suna daskarewa a bututu, su kuma liƙe ramin ya daina shan ruwa.

In aikin ya yi kyau, maƙwabta za su leƙo su tambayi wa ya yi. To ka ga kuɗin rajistar zango mai zuwa ya fara samun hanya. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi hutu lafiya.